Sunan Jami'a da Kasuwar da Yake Ci

Ƙannena maza da mata, akwai wata gardama da ba ta tsufa a majalisar matasa. Da zarar sakamakon JAMB ya fito, ko aka buɗe neman tallafin karatu na ƙasashen waje, sai ta taso: wace jami'a ce ta fi kowace? Ɗan ABU ya ce tasu ce uwa, sauran duk 'ya'ya ne. Ɗan Bayero ya ce wannan zancen da ne. Wanda ya fi kowa daɗewa a kan waya ya ce kowa ya yi shiru, in ba Harvard ko Oxford ba, sauran duk tarkace ne. A watse kowa na kan bakansa. Ba na hana ku wannan gardama, tana da daɗi. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai tashi daga majalisar ya je ya yanke shawarar rayuwarsa da ita: ya ƙi gurbin da ya samu, ya zauna gida shekara biyu yana jiran makaranta mai suna, ko ya matsa wa mahaifinsa ya sayar da gona saboda kwalin wata jami'ar waje da ba wanda ya bincika.

Sunan jami'a kamar kuɗi yake, kowanne da ƙasar da yake ci. Naira tana saye a Kantin Kwari, a Maraɗi ma za a karɓe ta da ɗan ragi, amma kai ta Dakar ka ga ko mai shayi zai dube ta. Akwai 'yan sunaye da suke ci kusan ko'ina a duniya, irin su Harvard, Oxford, Cambridge, MIT da Stanford, kuma ba su cika yatsun hannu biyu ba. Duk sauran, har manya-manyansu, darajarsu tana da iyaka. Saboda haka in aka ce maka jami'a kaza babba ce, tambayi mai maganar: a idon wa, kuma a wane fanni?

Mu fara da Amurka, tunda can ne idon yawancinku yake. Jami'o'i takwas ne ake kira Ivy League: Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Pennsylvania, Brown, Dartmouth da Cornell. Abin da ya ɗaure su wuri guda a hukumance gasar wasanni ce da aka tsara a 1954. MIT ba ta ciki, Stanford ba ta ciki, haka Chicago da Caltech, alhali ba mai hankalin da zai ce Dartmouth ta fi MIT a injiniyanci. A Ingila kuma za ku ji jami'a tana alfahari da cewa tana cikin Russell Group. Ƙungiya ce da shugabannin wasu jami'o'i suka kafa da kansu a 1994 don kare muradunsu a gaban gwamnati, daga baya ta kai jami'o'i 24. Ba wani alƙali ne ya zaɓe su ba.

To me ya ba waɗannan manyan girmansu? Da farko shekaru. An kafa Harvard a 1636, Columbia kuwa a 1754, shekarar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Oxford ta fara koyarwa tun wajen 1096. Sai dukiya: waƙafin Harvard ya haura dala biliyan 50, wato ya fi kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Najeriya na 2025 gaba ɗaya in aka juya shi zuwa dala. Da irin wannan kuɗi kana iya ɗauko duk malamin da kake so daga ko'ina, ka gina masa ɗakin gwaje-gwajen da ya roƙa. Amma abin da ya fi waɗannan biyu aiki shi ne ƙofa. A cikin kowane mutum 100 da suka nemi shiga Harvard, kimanin 4 kawai ake ɗauka. Wanda ya tsallake wannan tankaɗe ya riga ya nuna wani abu tun kafin ya zauna lacca ko ɗaya. Kamfanin da ya ɗauke shi aiki bayan shekara huɗu, rabin abin da yake saye tankaɗen ne. Daga nan abin ya zama zagaye: haziƙai suna tururuwa saboda suna, suna fita su hau manyan kujeru, su dawo da kyautar kuɗi, sunan ya ƙara kauri. Takwas daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka a Harvard ko Yale suka karanta shari'a. Firaministocin Birtaniya kimanin 30 sun bi ta Oxford.

Kada ku ɗauka ƙofar nan ƙwaƙwalwa kaɗai take dubawa. Wani bincike da Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 a kan manyan jami'o'in Amurka 12 ya nuna cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 bisa 100 na mafiya arziki ya ninka ɗan matsakaicin gida damar shiga fiye da sau biyu, ko da makinsu ɗaya a jarrabawa. Ana fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ana fifita 'yan wasanni irin waɗanda sai mai hali ke iya koya wa ɗansa. A 2019 kuma asirin wasu attajirai da taurarin fim ya tonu, sun biya wani dillali mai suna Rick Singer maƙudan kuɗi, ana gyara wa 'ya'yansu jarrabawa ko a shigar da su a matsayin 'yan wasan da ba su taɓa yi ba. Wasu sun kwana a gidan yari. Alfarma da “ɗan wane ne” ba a Najeriya aka ƙirƙire su ba.

Ƙetara zuwa Faransa, sai lissafin ya juye. Mu a nan Sorbonne muka sani. Bafaranshe kuwa ya san cewa jami'a a al'adarsu ta kowa ce, duk wanda ya ci jarrabawar gama sakandare yana da hakkin shiga. Yaran da suka fi kowa ƙoƙari wata hanya suke bi: shekara biyu ta karatun shiri mai tsanani, sannan gasar shiga wasu ƙananan makarantu irin su École Polytechnique da École Normale Supérieure, waɗanda dukkansu aka kafa a 1794. Makarantar horar da manyan jami'an gwamnati, ENA, ɗalibanta na shekara ba su cika wuce ɗari ba, amma ta fitar da shugabannin ƙasa huɗu: Giscard d'Estaing, Chirac, Hollande da Macron. Ƙorafi a kanta ya yi yawa har Macron ɗin da kansa ya rufe ta, aka maye gurbinta da wata a 2022. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka gaji tsarin karatun Faransa sun san wannan labari fiye da mu. A Indiya, uba zai fi murna ɗansa ya shiga ɗaya daga cikin makarantun fasaha na IIT fiye da jami'o'in Turai da yawa, domin sama da mutum miliyan ɗaya ke zama jarrabawar farko kowace shekara. Sundar Pichai, shugaban Google, ɗan IIT Kharagpur ne. A Sin, Tsinghua da Peking ne mafarkin yara sama da miliyan 13 masu zama jarrabawar shiga jami'a. A Jamus kuwa ba a cika damuwa da wace jami'a ka yi ba, an fi tambayar me ka karanta da kuma sakamakonka.

Na san abin da za ku ce: ai akwai jadawali, a duba a ga wa ke sama. Jadawalin nan abu ne na jiya-jiya. Mujallar U.S. News ta fara nata a 1983, na Shanghai ya fito a 2003, na Times Higher Education da QS a 2004, suna tare kafin su raba gari. Kowanne da ma'auninsa. Na Shanghai yana ba da kashi 30 bisa 100 na maki ga lambar yabo ta Nobel da takwararta ta lissafi da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka ci, sauran kusan duk a kan takardun bincike da aka buga. Bai tambayi ko malami yana shiga aji ba. Na QS kuwa babban kasonsa jin ra'ayi ne: a tambayi malamai da masu ɗaukar ma'aikata wace jami'a suke ganin ta fi. Mutum zai ambaci wadda ya saba ji. Ka ga ke nan ana auna suna da suna.

Kuma ana yi wa ma'aunin dabara. Faransa ta ga makarantunta ƙanana ne, ba sa fitowa a jadawali, sai ta tattara wasu da cibiyoyin bincike a ƙarƙashin suna ɗaya, Paris-Saclay. A 2020 sai ga ta ta 14 a jadawalin Shanghai, da malaman da dama suna nan da ɗakunan gwajin da dama suna nan. A 2022 wani farfesan lissafi na Columbia, Michael Thaddeus, ya bi alƙaluman da jami'arsa ke miƙa wa U.S. News ya nuna ba daidai suke ba. Jami'ar ta amsa cewa akwai kuskure, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Ɗalibin da ya kwana a jami'a ta 2 ya tashi a ta 18, darasinsa bai canza ba ko da layi ɗaya. Duk da haka ba zan ce ku yi watsi da jadawali ba, domin masu iko suna aiki da shi. A 2022 Birtaniya ta fito da wata biza ta musamman ga waɗanda suka gama jami'o'in da ke cikin 50 na farko a aƙalla biyu daga cikin manyan jadawalai uku. Ba jami'ar Afirka ko ɗaya a jerin, har Cape Town.

Tambayar da ta fi muhimmanci a gare ku ita ce: sunan yana canza rayuwar mutum, ko kuwa mutumin dama mai zuwa ne? Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun yi wata dabara mai kyau a binciken da suka buga a 2002. Sun kwatanta ɗaliban da manyan jami'o'i iri ɗaya suka karɓa, wasu suka je, wasu suka zaɓi ƙananan makarantu. Bayan shekaru, abin da suke samu kusan ɗaya ne. Wato yaron ne ya kai kansa. Sai dai akwai togaciya, kuma ita ta fi shafarmu: 'ya'yan talakawa sun amfana da babbar makaranta ƙwarai. Dalilin a fili yake. Ɗan minista yana da wanda zai ɗaga waya dominsa ko wace makaranta ya yi. Ɗan mai facin taya ba shi da kowa, abokan ajinsa da sunan da ke kan kwalinsa su ne danginsa a ofisoshi. Binciken Chetty ya ƙara da cewa a can ƙololuwa sunan yana aiki sosai: damar shiga kamfanonin da ake rububi tana ninkuwa kusan sau uku. Don haka masu ce muku suna ba komai ba ne, ku dubi inda suka kai nasu 'ya'yan. In kana da ƙoƙari kuma gidanku ba hali, kai ne ya fi kamata ka nemi irin waɗannan makarantu, ta hanyar tallafi. Da yawa daga cikinmu ba a ƙi su ba, ba su nema ba ne.

A gida ma mun ga yadda abin yake aiki tun kafin mu sami jami'a. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta zama Barewa, ta fitar da Sardauna, ta kuma fitar da shugabannin Najeriya biyar: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru 'Yar'aduwa. Ba wani sirrin alli da allo ba ne. Turawa sun tsamo yara kaɗan daga larduna, suka tara su wuri guda, da aka zo miƙa mulki kuma kujerun babu kowa a kansu. Haka Ibadan, da aka buɗe a 1948 a matsayin reshen Jami'ar Landan, ta haɗa irin su Chinua Achebe da Wole Soyinka. ABU ta zo a 1962, shekara ɗaya da Legas da Ife, bayan Nsukka ta 1960. Shekaru da dama ita kaɗai ce a Arewa duka, har sai da aka buɗe su Jos, Maiduguri, Sakkwato da Ilori a 1975, kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuma ta tsaya da ƙafarta a 1977. Duk wanda ya zama babban sakatare ko alƙali ko gwamna a wancan zamani, da wuya bai bi ta harabar ABU ta Samaru ko ta Kongo ba. Wannan gado ne na gaske, kuma har yau yana buɗe ƙofa a Kaduna da Abuja. Amma gado ba ya gaya maka halin da ɗakin gwajin sashenku yake ciki a bana.

Yanzu kuma wata sabuwar daraja ta shigo, ta gamawa a kan lokaci. Bayan yajin aikin ASUU na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, iyaye masu hali sun karkata zuwa jami'o'in kuɗi. Wasunsu suna aiki tsakani da Allah; Covenant ta Ota, wadda aka buɗe a 2002, ta sha gaban tsofaffin jami'o'inmu a jadawalin Times na wasu shekarun nan. Wasu kuwa tsadar ce kawai darajarsu. Mutanenmu suna da saurin ɗaukar abu mai tsada a matsayin mai kyau, haka kuma duk abin da aka ce daga waje yake. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida bai shiga aji ba, har ya yi rajistar bautar ƙasa da shi. A farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaske.

Kakanninmu da wata tambaya suke auna malami: a wurin wa ka yi karatu? Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da littattafan da ya sauke a gaban kowanne. Ijaza sunan mutum take ɗauke da shi, da silsilar waɗanda ya karɓa daga gare su. Har yau wanda ya dawo daga Azhar, da ta haura shekara dubu, ko daga Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, yana da kwarjinin da ɗan Harvard ba zai samu ba a zauren malamai na Kano ko Damagaram, alhali jadawalin Shanghai ba shi da ma'aunin fiƙihu ko nahawu. Ina ganin tambayar kakannin nan ta fi jadawali kusa da gaskiya, musamman ga mai neman digiri na biyu ko digirin digirgir, inda rayuwarka ta shekara uku ko huɗu take hannun mutum ɗaya mai duba aikinka.

Domin jami'a ba dunƙule take ba, sassa ne, wani ya yi ƙiba wani ya rame. Mai son aikin gona, Wageningen ta ƙasar Holan ta fi masa Oxford. Mai son nazarin ci gaban ƙasashe, Sussex ta yi shekaru tana gaban Harvard a jadawalin wannan fanni. Injiniyoyin man fetur sun san Heriot-Watt da Texas A&M, likitocin cututtukan ƙasashe masu zafi sun san makarantun Landan da Liverpool. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, daga kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya wuce wata makarantar zane a Detroit, College for Creative Studies, wadda ba za ka ji sunanta a majalisa ba, amma kamfanonin mota sun san ta sarai. A nan gida, irin masara na SAMMAZ da waken SAMPEA da manomanmu ke shukawa daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka fito, kazar Shika Brown kuma daga Shika. Ƙamusun Hausa na 2006 aikin Jami'ar Bayero ne. Mai son nazarin Hausa da zai bar Kano, Zariya da Sakkwato ya tafi neman suna a wata ƙasa, sai ya tabbatar wane malami zai tarar a can.

To ga abin da zan ce wa ƙanena na ciki ɗaya. In ka samu gurbi a jami'ar gwamnati, a kwas ɗin da hukumar NUC ta amince da shi, karɓa ka tafi, kada ka zauna jiran wata. Kafin ka biya ko sisi a wata makaranta, ta gida ko ta waje, nemi ɗalibai biyu ko uku da ke aji uku a sashen da kake so, ka tambaye su: malamai nawa ne masu digirin digirgir, suna shiga aji, na'urorin suna aiki, ina waɗanda suka gama bara suke? In likitanci ne a waje, ka sani sai ka ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin ka taɓa majinyaci. In shari'a ce, akwai ƙarin zango da za ka yi a makarantar lauyoyi kafin ka haɗu da sauran. Ke kuma ƙanwata da aka ce ba za ki yi nisa da gida ba, kada ki ɗauka an gama da ke. Sakamako mai daraja ta ɗaya daga jami'ar jiharku yana iya kai ki inda sakamako mai rauni daga Ibadan ba zai kai wani ba.

Hanyar da ta fi kai yaranmu manyan jami'o'in duniya ita ce digirin farko a gida da sakamako mai ƙarfi, sannan na biyu a waje da tallafi: Chevening ko Commonwealth na Birtaniya, DAAD na Jamus, Fulbright na Amurka, gidauniyar Mastercard, ko PTDF ga masu fannin mai da makamashi. Masu tantancewa suna duba makinka, da abin da ka rubuta game da kanka, da wasiƙar malaman da suka san ka. Wasiƙar nan tun daga aji biyu ake gina ta. Zauna a gaba, yi tambaya, je ofishin malami da littafin da ka karanta, roƙi ya sa ka cikin aikin bincikensa ko da tattara bayanai ne. Chevening tana neman shekara biyu ta ƙwarewar aiki, saboda haka duk aikin da ka yi, har na sa-kai, ka ajiye shaidarsa. Takardar cikakken sakamakonka kuma ka fara bin ta tun kana bautar ƙasa, domin a makarantu da yawa tana cin watanni kafin ta fito, masu tallafi kuwa ba sa ɗaga ranar rufewa.